Katsina Na Faɗaɗa, Ruwa Na Neman Hanyarsa: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ake yawan jefawa ne a majalisa, a zauren mai unguwa, ko a bakin lambatu bayan an sha ruwan dare an wayi gari ana kwasar taɓo daga ɗaka. Wasu amsoshin sun yi tsawo don maganar tana da rassa, wasu kuma ba su buƙaci dogon zance ba.

Wai da gaske garin ya girma haka, ko dai ido ne ke ruɗinmu?

Ba ruɗin ido ba ne. Duk wanda ya yi wayo kafin 1987, shekarar da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ya san lokacin da in ka fita Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya ba ka daɗewa sai ka faɗa gonakin gero. Har cikin ganuwa ma akwai filayen da ake nomawa. Yau ka hau babur daga Ƙofar Ƙaura ka nufi Batagarawa, ka gaya mini inda gari ya ƙare ƙauye ya fara. Dandagoro, Kambarawa, Shinkafi, Modoji, Babbar Ruga, duk birni ya iske su har gida.

Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 5.8, ƙaramar hukumar Katsina kuma sama da dubu 300. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, kuma garin ya riga ya tsallaka iyakar ƙaramar hukumarsa ya shiga ƙasar maƙwabta. Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashe a 2018 cewa nan da 2050 kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya a birane za su zauna, kuma Indiya da Sin da Nijeriya su ne za su ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarin.

Daga ina jama'ar ke zuwa?

Da yawa nan aka haife su. Gidan gado da ya ɗauki mutum 10 a da, yanzu jikoki sun yi aure kowa na neman inda zai sa iyalinsa. Sai ma'aikatan da zaman hedikwatar jiha ya jawo, da ɗalibai da malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Al-Qalam da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman. Na ƙarshe, kuma mafi ciwo, su ne waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ɗanmusa. Mutumin da ya baro rumbunsa cikin dare ba zai tsaya tambayar ko fulotin da ya samu yana kan hanyar ruwa ba. Kango ya samu ya shiga, Allah ya kyauta.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa yawan jama'a ne matsalar. Abin da ke cinmu shi ne gida yana riga titi da kwata da famfo isa wuri, wani lokaci da shekara 10 ko 20.

Garin da daminarsa ba ta wuce wata huɗu ba, me ya haɗa shi da ambaliya?

Ruwan Katsina ba shi da yawa in aka auna na shekara, amma ba a hankali yake sauka ba. Daga Yuni zuwa Satumba yake zuwa, ƙarfinsa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa hadari ɗaya kan juye cikin awa biyu abin da ƙasa ke buƙatar kwana guda ta shanye. Saboda haka abin tambaya shi ne ina wannan ruwa yake zuwa in ya sauka.

A tsohon gari amsar tana nan a fili. Ginin ƙasa ne, tsakar gida turɓaya ce, lungu ma haka, sai ƙasa ta sha rabonta. Abin da ya rage ya bi indararo da kwata ya gangara kududdufi. Kududdufin nan kuwa ramin da aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin unguwar ne, don haka kowace unguwa da ta tashi ta tashi da ma'ajiyar ruwanta a gefe. Babu injiniyan da ya zana wannan, amma aiki yake yi. In kududdufi ya cika ya tumbatsa, sai rarar ta nemi rafin Ginzo ko na Tille ta fice daga gari.

Yanzu dubi sabon gida: rufin kwano, tsakar gida siminti ko intalok, ƙofar gida daɓe. Ɗigo ɗaya ba ya shiga ƙasa, duk a titi ake sako shi. Gida ɗari a layi, kowa ya sako nasa lokaci guda. Ruwan ya nufi kududdufin da ya saba, ya tarar an cike shi da shara an yanka fuloti an kafa shaguna. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya iske gini a kanta, ta cikin ginin zai bi, ko ya karkata ya shiga gidan maƙwabcin da bai ci ba bai sha ba.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna Jibiya a Yulin 2018, lokacin da ruwan dare ɗaya ya kashe mutum sama da 40 ya rushe ɗaruruwan gidaje. Jibiya ba nisa gare ta da mu ba.

Amma ai kududdufi gidan sauro ne da wari. Cike shi ba gyara ba ne?

Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma wanda gidansa ke bakin kududdufi yana da gaskiyarsa. Sauro na nan, wari na nan, yara kan faɗa ciki a rasa su. Sai dai mu ne muka mai da shi haka da muka juya masa bututun masai muka mai da shi juji. Cike shi ba ya rage ruwan da sama za ta zubo, wurin zamansa kawai aka ɗauke.

Abin da ya fi shi ne a yashe shi, a kange shi da katanga ko waya saboda yara, a hana zuba masa ƙazanta, a yi masa mafita zuwa babban lambatu. In kuma dole sai an cike, to a fara gina magudanar da za ta ɗauki ruwansa tukuna. Mu kuwa mun fi iya akasin haka: a cike a bana, a yi kuka a baɗi, a kafa kwamiti a baɗin baɗaɗa.

Me ake nufi da awon igiya, kuma mene ne aibinsa tunda talaka ma ya samu muhalli?

Awon igiya shi ne mai gona, ko magadansa, ko dillalin da ya saye ta, ya kawo mai awo a yanka ta fuloti-fuloti a sayar, ba tare da hukumar tsara birane ta zana wurin ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka. Amma filayen gwamnati ba sa isa, samunsu kuma sai mai hanya ko mai haƙurin jira. Sai jama'a suka koma wajen dillali, wanda za ka biya yau a rubuta maka takarda gaban shaidu ka fara zuba bulo gobe.

Ba na zargin mai saye. Da zaman haya ana yi maka ƙari duk shekara, gara naka ko ɗaki biyu ne. Amma ka lura da lissafin mai yanka: duk taƙin da ya bari don titi, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Saboda haka layi yakan fito ƙunci, motar kwasar shara ba ta shiga, ta kashe gobara ma haka. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba inda za a ja kwata. Kwarin da manomi ya san ruwa na kwanciya a cikinsa har yake shuka shinkafa ko rogo a gefensa, shi ma a yanka shi a sayar da rani, lokacin da ya bushe ƙayau yana ɗaukar ido.

Bayan shekaru, in gwamnati ta zo yin titi da magudana, sai an rusa, sai an biya diyya, sai an yi rigima. Aikin da in an yi shi tun wurin yana gona kuɗi kaɗan zai ci, yanzu ya ninka. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai.

Ina sharar garin nan take tafiya?

Wata motocin hukumar kare muhalli ta jiha, wato SEPA, su kwashe. Wata 'yan jari-bola su tsince ƙarfe da roba da gwangwani, kuma waɗannan yara suna yi wa gari aikin da ba a gode musu. Sauran kuwa kwata, kango, kududdufi, ko a cinna mata wuta da magariba.

Abin da ya canza shi ne irin sharar. A da juji arziki ne: toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ragowar tuwo. Manoman karkarar birni da jakuna da mangala suke zuwa su kwashe shi su kai gona. Yanzu rabin jujin leda ce da robar lemo da ƙunzugun yara na zamani. Manomi ya kai gonarsa ya sha wahalar tsinta, akuya ta ci ta kumbura ta mutu. Ledar fiya wata kuwa ita ce sarauniyar toshe kwalbati. Akwai kuma ɗabi'ar nan da kowa ya sani ba mai son faɗa: da an ga hadari ya haɗo sai a tura yaro da bokitin shara ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Yana tafiya da ita kam, zuwa kwalbatin farko, can ƙasan layi.

Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Ko mu ba mu kai can ba, komawa ga kwando da jakar cefane ba ya buƙatar doka.

Me ya sa famfo ba ya kawo ruwa, alhali ga Ajiwa ga Zobe?

Madatsar Ajiwa a shekarun 1970 aka gina ta, don garin da bai kai rabin na yau ba, kuma madatsa tana cika da yashi da laka a hankali kamar yadda rijiya ke yi. Ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama ta tun 1983, amma sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin tace ruwanta da turo shi. Shekara 38 ke nan ruwa na kwance ana ƙishirwa.

Ko ruwan ya iso gari, sai ya samu bututun da zai bi. Tsofaffin unguwanni bututunsu ya tsufa yana yoyo, wani ma ta cikin kwata ya ratsa. Sababbin unguwannin awon igiya ba a taɓa shimfiɗa musu ba. Ga matsalar wutar da za ta tura injin. Sai gari ya koma hannun 'yan ga-ruwa da kurarsu da jarkokinsu, kuma abin takaicin shi ne talakan da ke sayen jarka-jarka ya fi mai famfo biyan kuɗi a kan ruwa ɗaya.

To kowa ya haƙa borhol mana, a huta.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne marar iyaka. A yawancin ƙasar Katsina dutse ne a ƙasa, ruwan yana maƙale ne a tsagoginsa da cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, kuma ruwan sama ne ke sake cika shi duk damina. Ka ga inda maganar ta haɗu da ta ɗazu: mun daɓe ƙasa mun cike kududdufai, mun hana ruwa shiga, sannan kowane gida ya zura bututu yana zuƙa. Shi ya sa rijiyoyin gargajiya ke ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, mai kuɗi ya ƙara zurfi, na kusa da shi ya wayi gari tasa ta daina kawowa. Borhol ɗaya mai tanki da sola da layi guda zai yi tarayya a kansa ya fi 20 a jere.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari. Akwai abin tsoro?

Akwai. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba su da launi ba su da wari. Shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Fulotin da aka raba biyu aka sayar ko tsawon haka bai kai ba. Kai ka nisanta taka shaddar da rijiyarka, amma ta maƙwabcinka tana jingine da katangarka. Da damina ruwan ƙasa ya taso, su gauraya.

A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da dubu 100 a Nijeriya ya kashe sama da dubu uku, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi taɓawa. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, guga ya daina kwana a ƙasa, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tacewa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba.

Gaskiya ne da ruwan kwata ake ban-ruwan lambunan bakin gari?

Gaskiya ne a wasu wuraren. Rafin Ginzo da rani kusan duk abin da ke gudana a cikinsa ruwan da gari ya yi amfani da shi ne, kuma 'yan lambun wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi sun daɗe suna noma da shi. Ba mugunta ba ce, shi ne ruwan da ke akwai, ga shi da taki a cikinsa. Sana'a ce da ke riƙe da gidaje masu yawa, kuma lambunan nan su ne ɗan koren da ya rage wa gari. Ganyen da za a dafa, kamar alayyafo, da sauƙi. Latas da kabeji da tumatirin da ake ci ɗanye su ke son wanki na sosai da ruwa mai tsabta da gishiri ko ruwan kal. Babban gyara dai a can sama yake, a hana baƙin mai na gareji da ruwan batir da ƙazantar masai shiga rafin.

Zafin garin ne ya ƙaru, ko mu ne muka lalace da fanka?

Katsina dama garin zafi ce, a Afrilu ma'auni kan kai digiri 40. Amma kakanninmu sun san maganinsa: katangar ƙasa mai kauri, rufin soro a kan azara, zaure mai shan iska, bishiya a tsakar gida. Mu muka zo da bulo da kwano, waɗanda ke shan rana tun safe su riƙa amayar da ita har tsakar dare. Kwalta ma haka take.

Sai itatuwa. Gonar da za a yanka, abin da ake fara yi shi ne sare gawo da kuka da ɗorawa da tsamiyar da ke cikinta. In za a faɗaɗa titi, bedin da ya shekara 40 yana ba da inuwa shi ne farkon faɗuwa. A waje guda kuma birni na cin daji ta bakin murhu: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suka fara sabawa da gas suka koma gawayi da itace. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin nan na babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada, kuma ana raba dashe kusan kowace damina. Dasawa ba ta taɓa yi mana wuya ba. Wanda zai kange dashen daga awaki ya ba shi ruwa har rani biyu, shi ake nema.

Ƙurar hunturu fa, ita ma laifin birni ce?

A'a. Wannan daga Sahara take tasowa, mafi yawa daga wani kwari a arewacin Chadi. Namu shi ne abin da muke ƙara mata: hayaƙin bola, na janareta, na babura da keke Napep, da ƙurar layukan da ba kwalta. Mai asma da jariri da tsoho su ke biyan kuɗin.

Ganuwa tana da alaƙa da wannan magana?

Tana da ita. Ganuwar da ta kewaye birni, mai ƙofofi irin su Guga da Sauri da 'Yanɗaka, wadda Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya shigo ta cikinta a 1903, yau sai ka nema kafin ka ga guntunta. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an hau kanta an kafa shago. Ramin da ke bayanta, wanda aka haƙa don tsaro, shi ma yana riƙe ruwan damina, kuma ya bi sahun kududdufai. Hasumiyar Gobarau ta tsira don ido na kanta.

Duk wannan ba aikin gwamnati ba ne?

Babban kaso nata ne, kuma kada wani ya rufe mana baki da wa'azin tsabta. Talaka ba zai iya gina babban lambatu ba, ba zai shimfiɗa bututu daga Zobe ba, ba zai hana mai ƙarfi gini a kan magudana ba. Gwamnati ce za ta riga dillali isa gona: ta zana tituna da hanyar ruwa, ta kafa duwatsun alama, sannan ta bar mai gona ya sayar da sauran. Ita ce za ta sauƙaƙa takardar izinin gini yadda mai ƙaramin ƙarfi ba zai gudu daga ofis ba. An yi gadojin ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, sun rage cunkoso, amma ni da za a tambaye ni, kwatar unguwa da ba a yanka mata kyalle ranar buɗewa ta fi taɓa rayuwar mutane.

Namu kason kuma ba ya ɓuya. Masu unguwanni da dagatai su ke sa hannu a cinikin fili, sun kuma san inda ruwa ke bi tun suna yara. Aikin gayyar yashe kwata a Mayu, kafin ruwan farko, ya fi wanda ake yi a Agusta bayan katanga ta faɗi. In an yashe kuma a kwashe, don tulin da aka bari a bakin kwata ruwa ɗaya ne zai mai da shi inda ya fito.

Ina shirin sayen fuloti a bayan gari. Me zan duba?

Kada ka saya da rani in kana da halin jira. Je ka ga wurin a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, da ƙafarka ba a mota ba. In ba ka iya jira, dubi ƙasar: baƙar laka mai tsagewa, ko yashi mai laushi da ya kwanta kamar an share, ko tsohon ramin bulo da aka cike da bola, duk suna ba da labari. Dubi katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari a jikinsu, da irin tsayin dokin ƙofar da suka yi. Nemi tsohon da ya noma wurin, ba dillali ba, ka ce masa: “Baba, don Allah in an yi ruwa ta ina yake wucewa?” Zai nuna maka da sandarsa.

Daga nan ka auna faɗin layin, ka tambayi zurfin da maƙwabta suka yi kafin su samu ruwa, ka je hukumar tsara birane ka ji ko wurin na cikin hanyar da za a fitar nan gaba ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. In ka zo gini, ka yi shawara da na gefenka kan inda kowa zai sa masai da rijiya tun ba a haƙa ba, ka bar wani ɓangaren tsakar gida ba siminti. In ka tarar da bishiya a fulotin, ka ce wa magini ya ja igiyarsa ya kauce mata.